Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Yi wa Sarakuna Addu'a

Yawancinmu mun fara jin sunan Samuel Ajayi Crowther ne a ajin tarihi na makarantar firamare, inda aka koya mana abu biyu game da shi: an kama shi bawa yana yaro, daga baya kuma ya zama ɗan Afirka na farko da aka naɗa bishop a Ikkilisiyar Angilikan. Duka biyun gaskiya ne. Amma akwai wani fanni na rayuwarsa da ba a cika ba da labarinsa ba, wato zamansa da masu mulki. Shekara 27 ya yi yana bishop, kusan dukansu kuwa a ƙarƙashin sarakunan da addininsu ya sha bamban da nasa, waɗansunsu ma da cinikin bayi suke ciyar da fadarsu. Mutumin da aka taɓa ɗaura wa igiya a wuya ba zai yarda da wannan aiki ba ko kaɗan. Duk da haka al'adarsa da ta ikkilisiyoyin da ya kafa ita ce a ambaci sarkin ƙasa da suna a gaban Allah, a roƙa masa alheri.

An haife shi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, cikin Jihar Oyo ta yau, aka raɗa masa suna Ajayi. Ya tashi a lokacin da daular Oyo take wargajewa. Ilori, wadda take sansanin yaƙin Oyo, ta yi tawaye a ƙarƙashin jarumi Afonja, daga bisani ta koma masarauta mai bin Gwandu. Da sarautar Alafin ta yi rauni, sai kowane mai doki da takobi ya zama hukuma, kama mutane kuma ya zama sana'a. Wata safiya a farkon 1821 mahara suka kewaye Osogun. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa taron maharan ya haɗa Musulmin Oyo da Fulani da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Aka cinna wa garin wuta. Mahaifinsa ya fita kare gari, ba a sake ganinsa ba. Aka kama Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa, kafin a jima aka raba su.

Da farko da doki aka musanya shi. Ba a gamsu da cinikin ba, aka warware. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, kasuwa zuwa kasuwa, har baƙin ciki ya sa ya so ya kashe kansa. A ƙarshe aka kai shi Ikko, aka sayar wa 'yan kasuwar Fotugal, suka sa shi a jirgin ruwa tare da bayi kusan 190. A watan Afrilu 1822, jirgin bai ko yi nisa da gaɓa ba, sojan ruwan Ingila masu farautar jiragen bayi suka tare shi. A watan Yuni aka sauke yaron a Firitawun ta ƙasar Saliyo, ba uwa, ba uba, ba gari.

Malaman ƙungiyar mishan ta CMS suka karɓe shi. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin ikkilisiya na Landan, Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗalibi na farko a makarantar Fourah Bay, wadda daga baya ta zama kwalejin da ta horar da manyan malaman Afirka ta Yamma. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita, aka yi mata baftisma da suna Susan.

A can Saliyo, yana malamin makaranta, ya koyi wani darasi da ya bi shi har tsufa. Ya ga laya a wuyan wani ɗalibinsa Musulmi, ya cire ta. Uban yaron ya zo a fusace, magana ta kai ga zaman muhawara da malamai. Crowther ya shirya hujjojinsa tsaf, ya zuba su, amma ko gezau mutanen ba su yi ba. Tun daga ranar ya gane cewa mutum yana iya cin gardama ya rasa maƙwabci.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin Kwara, da niyyar ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi. CMS ta sa Crowther da wani Bajamushe, Rabaran Schön, cikin tawagar. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse. Mu masu jin Hausa muna da rabo a wannan tafiya, domin Schön ne ya duƙufa kan harshenmu daga baya, ya yi ƙamus, ya fassara littattafan Sabon Alkawari, da taimakon Dorugu, yaron nan da ya bi Barth zuwa Turai. Shi kuwa Crowther rahoton da ya rubuta ya sa aka kira shi Ingila, aka naɗa shi limamin ikkilisiya a 1843. A 1846 ya isa Abekuta, a can kuma ya gamu da mahaifiyarsa bayan shekara 25 da rabuwa. A 1848 aka yi mata baftisma da suna Hannatu. A waɗannan shekaru ne ya soma babban aikinsa na juya Littafi Mai Tsarki da Littafin Addu'a zuwa Yarabanci.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutumin da za mu gani yana yi wa sarakuna addu'a mai sanyin baki ne a kan zalunci. A watan Nuwamba 1851 aka kai shi fadar Sarauniya Biktoriya. Ya ba ta labarin cinikin bayi, ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarabanci. A wannan ziyara ya gana da Palmerston, sakataren harkokin waje, ya bayyana masa yadda Kosoko, Sarkin Ikko, yake riƙe da kasuwar bayi. A Disamba na shekarar jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko luguden wuta, aka kori Kosoko, aka mai da Akitoye kan gado. Masana tarihi har yau suna jayayya kan wannan al'amari, domin igwar da ta rufe kasuwar bayi ita ce ta buɗe ƙofar da Ingila ta bi ta haɗiye Ikko a 1861. Ko wane gefe mutum ya tsaya, abu ɗaya a fili yake: Crowther ya san yadda ake kai ƙarar sarki, ya kuwa kai.

Bishop a ƙasar waɗansu

Ya sake hawa kogi a 1854 tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai, wannan karon ba wanda ya mutu domin sun riƙa shan kwinin. A 1857 ya kafa tashar mishan a Anacha da kuma Gbebe, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai. Jirginsu ya fashe a kan duwatsu kusa da Jabba, sai ya mai da zaman jiran jirgi makaranta, ya kama koyon Nufanci. A 1862 ya yi wa waɗansu mutane baftisma a Gbebe, su ne ake ƙirgawa na farko a ƙasar da daga baya aka kira Nijeriya ta Arewa. Makarantar firamare ta Holy Trinity da ke Lakwaja, wadda aka buɗe a 1865, daga wannan aiki ta fito.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, bisa naciyar Henry Venn, sakataren CMS, wanda ya gaskata cewa ikkilisiyar Afirka dole ta ciyar da kanta, ta mallaki kanta, ta yaɗa kanta. Takardar naɗin ta ba shi ƙasashen Afirka ta Yamma waɗanda suke waje da mulkin Sarauniya. An yi wannan dabara ne saboda waɗansu Turawan mishan, irin su Henry Townsend na Abekuta, sun ƙi zama ƙarƙashin baƙar fata. Amma ta jawo wata tambaya da ba wanda ya yi tunaninta a Landan. A wancan lokaci Littafin Addu'a na Angilikan yana da addu'a ta musamman domin Sarauniya, ana yin ta a sujadar safe da ta yamma. To, jama'ar da ba talakawan Sarauniya ba ne, wa za su ambata?

Babban sarki a yankin aikinsa na arewa shi ne Masaba ɗan Malam Dendo, Etsu Nupe, wanda ya yi mulki a Bida daga 1859 zuwa 1873. Mayaƙansa sukan ƙetare kogi su kai hari ƙasashen Yagba da Bunu da Owe, garuruwa da yawa kuma da 'ya'yansu suke biyan gandu. Mu da kakanninmu suka hau duwatsu suna gudun irin waɗannan mahaya ba ma bukatar a fassara mana abin da wannan yake nufi. Gidan da Crowther ya fara a Raba bai daɗe ba aka rufe shi, a Bida kuwa ba a kafa mishan ba duk tsawon ransa. Abin da Masaba yake nema wurin Turawa ciniki ne da bindigogi. Amma kusan kowace shekara, in ruwa ya cika jirgi ya samu hawa, sai Bishop ya tafi Bida gaisuwa. Yakan kai tsaraba, ya zauna a fada, ya saurari ƙorafin sarki, ya isar da saƙonsa ga gwamnatin Ingila. Ya ba shi Littafi Mai Tsarki na Larabci. Yana da taka-tsantsan wajen raba irin waɗannan littattafai, domin ba ya so a yayyaga su a yi layu da su.

Akwai masu ganin cewa ya yi kusa da fada fiye da kima, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Tsoron nan yana da tushe. Sai dai a tuna da abin da idonsa ya gani. Ba wani sarki mai ƙarfi ne ya ƙone Osogun ba, rashin sarki ne. A 1866 ya sake ganin haka, lokacin da rikicin gadon sarauta ya cinye Gbebe, masu bi suka watse, waɗansu suka fake a Lakwaja. A 1867 wani basarake mai suna Abokko, wanda dā abokinsa ne, ya tsare shi da ɗansa Dandeson a bakin kogi kusa da Ida, ya ƙwace kayansu, ya nemi kuɗin fansa mai yawa. Mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, William Fell, ya zo ceto. An kuɓutar da Bishop da ɗansa da gudu zuwa kwalekwale, amma kibiya mai dafi ta sami Fell, ya mutu. Tsirarun masu bi na Lakwaja, da yawansu bayin da aka fansa, maganar Masaba ce katangarsu, musamman bayan da Ingila ta rufe ofishin jakadancinta a 1869. Dalilin da Manzo Bulus ya bayar a 1 Timoti 2:1-4 na yin addu'a domin sarakuna da dukan masu iko shi ne masu bi su sami zaman lafiya da kwanciyar rai, bishara kuma ta kai ga kowa. A wurin Crowther wannan aya maganar rai da mutuwa ce.

A fadar Ilori

A 1871 jirgin da zai mai da shi gaɓar teku ya kafe a yashi domin ruwa ya janye. Dole ya bi ta tudu. Ya tashi daga Lakwaja ran 10 ga Nuwamba 1871, ya bi ta Bida, bai isa Ikko ba sai 8 ga Fabrairu 1872. Hanyar ta ratsa ta Ilori, inda Sarki Aliyu yake mulki. Shekara 50 ke nan da ƙone Osogun. Yaron da guguwar yaƙe-yaƙen wancan zamani ta yi awon gaba da shi, ga shi ya shigo birnin da ya girma daga cikin wannan guguwa, da furfura a kansa.

Sarki ya kira shi fada, ga sarakuna ga malamai. Ya zo da Littafi Mai Tsarki da Littafin Addu'a, na Turanci da na Yarabanci. Aka shiga yi masa tambayoyi kan abubuwan da suka fi raba Kirista da Musulmi. Bai kauce ba, bai kuma yi gardama ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi ya karanta. Kan ko Yesu Ɗan Allah ne, ya karanta Luka sura 1, inda mala'ika Jibra'ilu ya zo wa Maryamu, domin ya san masu sauraronsa suna girmama Jibra'ilu da Maryamu. Ya karanta Yahaya 14:6. Ya karanta Matiyu sura 25 kan dawowar Almasihu domin shari'a. Da aka tambaye shi yaushe, sai ya karanta Ayyukan Manzanni 1:7, inda aka nuna cewa sanin lokaci na Uba ne kaɗai. Aka tambaye shi ko Littafinsa ya ambaci Annabi Muhammadu. Ya amsa da ladabi cewa an rubuta Sabon Alkawari ɗaruruwan shekaru kafin zuwansa, Mai Taimako da Yesu ya yi alkawari kuwa Ruhu Mai Tsarki ne.

Daga nan aka nemi a ji yadda Kirista suke addu'a. Cikin dukan addu'o'in da ke littafin, sai ya zaɓi addu'ar da ake yi domin Sarauniya. Ya kuma bayyana wa fada cewa in Kirista suna zaune waje da mulkin Sarauniya, sukan cire sunanta su sa sunan sarkin ƙasar da suke ciki. Ma'anar maganar ba ta ɓoyu ga kowa ba: da akwai ikkilisiya a Ilori, sunan Sarki Aliyu ne za a ji a bakinta safe da yamma. Mutanen fada suka amince cewa addu'ar ta dace ƙwarai.

Yana da kyau mu duba abin da addu'ar ta ƙunsa, domin a nan hikimar take. Ta fara da shaida cewa Allah ne Sarkin sarakuna, shi kaɗai yake mulkin masu mulki, daga kursiyinsa kuma yana duban kowane mazaunin duniya. Kafin a ambaci sunan sarki, an riga an tuna masa cewa akwai na gaba da shi. Cikin roƙe-roƙen farko akwai roƙon Allah ya cika shi da alherin Ruhu Mai Tsarki, domin zuciyarsa ta karkata ga nufin Allah, ya bi tafarkinsa. Sai bayan wannan ake roƙa masa lafiya da wadata da tsawon rai. Ƙarshenta kuwa roƙo ne ya sami farin ciki na har abada bayan wannan rai, wato an tuna masa zai mutu. Ba wuri ko ɗaya da ta ce sarkin adali ne, ko ayyukansa daidai suke. Maroƙi yakan wasa sarki da abin da ba shi da shi. Wannan addu'a tana roƙa masa abin da ya rasa. Wanda ya roƙi Allah ya karkato zuciyar mai harin bayi zuwa ga nufinsa, ai ya roƙi harin ya tsaya ke nan.

Akwai dai wani sashe mai wuyar haɗiya. Addu'ar tana roƙon a ƙarfafa sarki ya rinjayi maƙiyansa. Babbar abokiyar gabar Ilori a lokacin Ibadan ce, a Ibadan kuwa akwai ikkilisiya tun 1853. Ashe mai bi na Ilori da mai bi na Ibadan za su durƙusa da littafi ɗaya, kowa yana roƙon nasa sarkin ya yi nasara a kan na ɗan'uwansa? A ganina amsar tana cikin jerin roƙe-roƙen. Nasara ta zo ne bayan biyayya ga nufin Allah, sarkin da ya bi nufin Allah kuwa maƙiyansa na gaskiya ba talakawan maƙwabcinsa ba ne. Amma ban ce kowa zai gamsu da wannan ba, ba kuma laifi ba ne mai bi ya yi nauyin baki a daidai wannan wuri.

Mu da muke zaune a Uke da sauran garuruwan da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi mun saba da jiniyar manya. Sukan wuce a guje, mu kauce gefen titi da kayan tallarmu, ƙura ta bi mu. Tun daga 1999 da aka koma mulkin farar hula, ba zaɓen da ya wuce bai bar waɗansunmu da ɗacin rai ba, a cikin majami'a ɗaya kuwa akan sami wanda ɗan takararsa ya ci da wanda nasa ya faɗi, suna zaune a benci guda. Na lura da hanya biyu da muke bi da addu'ar shugabanni. In namu ne yake kan kujera, addu'ar takan koma kirari, musamman in ya taɓa aiko da gudummawar kwanon rufi, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. In ba namu ba ne, sai a tsallake sunansa, a yi wa ƙasa addu'a a dunƙule, ko kuwa a kira wuta a kansa, yara suna ji suna cewa amin. Sa'ad da Bulus ya rubuta wa Timoti, Nero ne yake mulkin Roma, shi ne kuma bisa ga tarihin ikkilisiya aka kashe Bulus a zamaninsa. Annabi Irmiya, a sura 29, ya umarci waɗanda aka kwashe zuwa Babila su nemi zaman lafiyar birnin da ya cinye su da yaƙi, su yi addu'a dominsa. Cikin shugabannin da muka zaɓa ko muka ƙi, ba wanda ya sayar da mu a bakin doki. Bambancinmu da mutanen Crowther shi ne muna da ƙuri'a da kotu da jarida, ba kuwa abin da ya hana mutum ya yi wa gwamna addu'a da asuba ya ƙi shi a akwatin zaɓe da hantsi.

Ladabin Bishop a fadar Bida bai sa ko sarki ɗaya ya karɓi baftisma ba. Amma ya haifi amana. Umaru Majigi, wanda ya gaji Masaba, ya ba da izini aka buɗe tashar mishan a tudun Kipo kusa da Egga. Wanda ya biyo bayansa, Etsu Maliki, da ya ga giyar Turawa tana lalata ƙasarsa, bai sami wanda zai kai wa kuka ba sai Crowther. Ya aika da wasiƙa ta hannun Rabaran Charles Paul, yana ta nanata kalmar barasa, yana cewa ta ɓata mutanensa ta mai da su mahaukata. Ya kira Bishop uba, ya roƙe shi ya isar wa Sarauniya a hana shigo da ita ƙasar Nufe. Aka fassara wasiƙar, aka buga ta a Ingila, masu yaƙi da cinikin barasa suka yi ta kafa hujja da ita. Taron Brussels na 1890 ya amince a hana shigar da barasa yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, dokar da ta daɗe tana aiki a Arewa a zamanin Turawa. Sarki Musulmi da bishop Kirista sun saɓa a kan Almasihu har suka mutu, amma a kan barasa bakinsu ya zo ɗaya.

Shugabannin cikin gida

Gwaji mafi zafi bai zo masa daga fadar wani sarki ba. Henry Venn ya rasu a 1873, ra'ayin Turawa game da baƙar fata kuma ya sauya da zuwan zamanin rabon Afirka. Kamfanin George Goldie, wanda ya sami izinin mulkin kogi a 1886, ya matse 'yan kasuwar Afirka. A cikin mishan ma aka fara janye al'amuran kuɗi da na jirgi daga hannun Bishop ana ba Turawa. Gaskiya ne akwai ma'aikatansa da suka yi laifuffuka, waɗansu munana ƙwarai, shi kuma mai saurin yafewa ne, tashoshin suna nesa da juna, ba ya kai musu ziyara sai ruwa ya cika. Amma maganin da aka kawo ya fi cutar zafi.

A 1890 waɗansu samarin Ingila masu ƙwazo suka iso, cikinsu da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, waɗanda suka sauka a Lakwaja suka sa riga da rawani da burin kai bishara ƙasar Hausa. A watan Agusta aka yi taron kwamiti a Anacha. Sakataren kwamitin, Eden, ya shiga dakatar da limaman da Bishop ya naɗa da hannunsa, a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Galibin ma'aikatan Afirka aka sallame su ko aka dakatar. Tsohon ya haura shekara 80, samarin kuwa sa'o'in jikokinsa ne. Ya faɗa musu cewa sakatare ba shi da ikon tuɓe wanda bishop ya naɗa, ya ajiye shugabancin kwamitin, ya rubuta wa Landan. Bai zage su ba, bai kuma fita daga ikkilisiya ba, ko da yake a Ikko ran mutane ya ɓaci ƙwarai, a 1891 ma waɗansu suka ɓalle suka kafa ikkilisiyar 'yan Afirka zalla. Abin da ya goyi baya shi ne ikkilisiyoyin Boni da kewayenta su riƙe kansu da kuɗinsu, amma cikin zumuncin Angilikan.

Shanyewar jiki ta same shi a tsakiyar 1891. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi da 'yan watanni, Brooke ya bi shi a 1892, duka biyun a Lakwaja, ba wanda ya taka Kano a cikinsu. A 1892 Dandeson ya buɗe ikkilisiyar yankin Boni mai riƙon kanta kamar yadda mahaifinsa ya so. CMS ta naɗa Bature a gurbinsa, aka yi kusan shekara 60 kafin ɗan Afirka ya sake riƙe dayosis na kansa a Nijeriya. A bikin cika shekara 150 da naɗa shi, Akbishop Justin Welby ya tsaya a majami'ar Kantabari ya amsa cewa an zalunci Crowther, ya nemi gafara.

An binne shi a maƙabartar Ajele. A 1971, da gwamnatin Jihar Legas ta bukaci filin domin gine-gine, aka tone ƙasusuwansa aka mai da su harabar babbar majami'ar Christ Church da ke Marina. Jikansa ta wajen 'yarsa Abigail, Herbert Macaulay, wanda aka haifa a shekarar naɗin kakansa, ya ƙare rayuwarsa yana ja da gwamnonin Ingila ɗaya bayan ɗaya. A Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946, yana zagayen ƙasa kan adawa da tsarin mulkin Gwamna Richards, aka mai da shi Ikko ya rasu a can.